Sikaw: Jirgin Ruwan da Ake Zana Shi a Karkace

A shekarar 2011 ƙananan jiragen ruwa suka taru a tashar La Rochelle da ke Faransa domin tseren tsallaka Tekun Atlantika, wanda ake kira Mini Transat. Manyan sharuɗɗan tseren a fili suke: mutum ɗaya tak a jirgi, tsawon jirgin kada ya wuce mita 6.5, faɗinsa kada ya wuce mita 3, kuma iska ce za ta tura shi, a waccan shekarar tun daga Turai har Kudancin Amurka. Cikin jiragen akwai wani mai lamba 747, wanda Bafaranshe David Raison ya zana da kansa, shi ne kuma matuƙinsa. Sauran masu tsinin goshi ne, yadda ido ya saba gani. Na Raison kuwa goshinsa faffaɗa ne, zagayayye, ba ka ganin wani kaifi da zai tsaga ruwa da shi. Shi ya riga kowa shiga Salvador ta Birazil. A 2017 wani matuƙin, Ian Lipinski, ya sake cinye tseren da jirgin da Raison ya zana, a 2019 kuma ya zo na ɗaya a rukunin jirage masu ƙafa 40 na tseren Transat Jacques Vabre da wani mai faffaɗan goshin. Daga nan masu zanen jiragen tsere suka gyara zama, suka soma kallon wannan siffa da idon basira.

Irin wannan jirgi shi ake kira sikaw, kuma ba sabon abu ba ne. Asalinsa jirgin dako ne mai shimfiɗaɗɗen ƙasa da goshi mai kusurwa huɗu, wanda ke shiga ruwa marar zurfi ya zauna daram a kan laka idan ruwa ya janye. Har yau akwai ɗaya a San Francisco mai suna Alma, wadda aka ƙera a 1891, ta yi shekaru tana jigilar ciyawar dabbobi da katako. Harkar tseren jirage ce ta fitar da siffar daga hannun 'yan dako. A ƙarshen ƙarni na 19 ana auna jirgin tsere ne da tsawon ɓangaren da ke taɓa ruwa idan yana tsaye cak, a haɗa da girman ƙyallen da ke kama masa iska. Sai masu zane suka lura da wata kafa: a yi jirgi mai gajeren ciki a ruwa, goshinsa da bayansa su yi rataye a sama, ta yadda da zarar iska ta kwantar da shi gefe guda, duk tsawon nan zai sauka cikin ruwa ya yi aiki, alhali mai awo bai lissafa shi ba. Wani injiniya ɗan Kanada, George Herrick Duggan, ya kai dabarar maƙura a 1898 da jirginsa Dominion, wanda tsakiyar ƙasansa ta yi rami har ya kusa zama jirgi mai ganga biyu, wato gangar jiki biyu. A tafkin White Bear na jihar Minesota ta Amurka kuma, John O. Johnson, wanda ya yi hijira daga Norway ya buɗe wurin ƙera jirage a 1896, ya fito da Minnezitka a 1900. Daga wannan tsatso ne aka sami dangin sikaw na tafkunan Minesota da Wiskonsin da ake tsere da su har gobe: rukunin A mai ƙafa 38, E mai ƙafa 28, C mai ƙafa 20, da ƙaramin MC mai ƙafa 16.

To me ya sa jirgin da ba shi da tsini yake gudu haka? Amsar tana cikin abu guda, kuma wanda bai riƙe shi ba duk abin da zai zana ko ya ƙera zai fito a gurguje: jirgin da iska ke turawa ba ya tafiya a tsaye. Iska tana danna ƙyallen daga gefe, jirgin ya karkace. Saboda haka siffar da ido ke gani a bakin gaɓa ba ita ruwa ke gani ba. Ruwa yana ganin abin da ya nitse ne kawai, a lokacin da jirgin ya kwanta.

Ka ɗauki faffaɗan faranti ka ɗora bisa ruwa a baho. Gindinsa gaba ɗaya yana manne da ruwan. Ka danna gefe ɗaya da yatsa, sai ɗaya gefen ya ɗago, abin da ya rage cikin ruwa ya zama siriri mai tsawo. Haka sikaw yake. Idan yana shimfiɗe, faɗin ƙasansa duk yana gogar ruwa, kuma gogayyar nan ita ce babbar mai cin gudun jirgi a iska mai sauƙi. Da ya karkace, kusan rabin ƙasan ya fita daga ruwa, ya koma tafiya a kan wani dogon siririn yanki da ya miƙe tun daga goshi har baya. Jirgi mai tsinin goshi da faffaɗan baya ba ya samun wannan. Idan ka kalle shi daga sama kusurwa uku ne, don haka da ya kwanta, faffaɗan bayan nan yana ɗaga shi, goshin ya dulmiya, ɓangaren da ya nitse kuma ya karkata ya daina kallon inda jirgin ya dosa. Matuƙi sai ya riƙa jan allon tuƙi da ƙarfi don ya daidaita shi, allon da aka ja kuwa birki ne. Gefunan sikaw kusan a jere suke tafiya, saboda haka ko ya kwanta, sawunsa a ruwa yana nan a miƙe.

Akwai riba ta biyu, wadda ni a ganina ta fi ta farko nauyi. Sikaw na tafki ba shi da dalma a ƙasa da za ta hana shi kifewa. Abin da ke riƙe shi nauyin mutanen da ke ciki ne, da tazarar da ke tsakaninsu da wurin da ruwa ke tallafe jirgin. Idan sikaw ya karkace, wurin tallafin yana komawa can gefen ƙasa, mutanen kuma suna zaune can a gefen sama sun miƙa jikinsu waje. Tazarar ta yi faɗi sosai. Mutum mai kilo 70 da ke zaune mita ɗaya da rabi daga wurin tallafi yana da ƙarfin riƙe jirgi ninki ɗaya da rabi na wanda ke zaune mita ɗaya, ba tare da an ƙara ko giram ɗaya ba. Ƙarfin riƙewa shi ke ba ka damar ɗaga babban ƙyalle, babban ƙyalle kuma shi ne injin. Wannan ne Raison ya gani: dokar Mini ta ƙayyade tsawo da faɗi, to me zai sa a zubar da faɗin a gaba don kawai a yi tsini?

Abu na uku shi ne sulɓi. Jirgin da ke ture ruwa da ƙirjinsa yana da iyakar gudu da tsawonsa ya yanka masa, domin yana haƙa wa kansa igiyar ruwa wadda ba ya iya hayewa. Ga jirgi mai ƙafa 16, iyakar tana wajen kilomita 10 a awa. Hanyar tsallake ta ita ce jirgin ya ɗago ya hau saman ruwan ya riƙa sulɓi, kuma ba abin da ke saurin yin haka irin marar nauyi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa. Faffaɗan goshin yana taimakawa a nan ma, domin idan iska ta buso daga baya tana danna gaban jirgi ƙasa, kuma goshi mai cika ya fi siriri ƙin nitsewa.

Tunda a karkace ake tafiya, komai na ƙarƙashin jirgin dole ya bi sahu. Jirgin iska yana buƙatar wani allo da ake saukarwa cikin ruwa don kada ya riƙa zamewa gefe. Idan allon guda ɗaya ne a tsakiya, karkacewa za ta kwantar da shi, wani ɓangarensa ma ya fito. Shi ya sa sikaw na tafkunan Amurka suke da allo biyu, ɗaya a kowane gefe, an dasa su a ɗan buɗe, ta yadda na gefen ƙasa zai tsaya tsaye daidai lokacin da jirgin ya kwanta, na gefen sama kuma a janye shi. Manyan ma allon tuƙi biyu gare su saboda wannan dalili. Wannan ƙarin aiki ne ga mai ƙira, ƙarin rami biyu a gangar jirgi, ƙarin wurin da ruwa zai iya tsattsafowa. Ƙananan sikaw da yawa sun haƙura da allo ɗaya, suna tafiya a ɗan miƙe fiye da na tafki. Zaɓi ne, kuma mai zane ya san abin da ya sayar da abin da ya saya.

Kowane allazi da nasa amanu. Abokin gābar sikaw shi ne igiyar ruwa, musamman gajeru masu tsayi da ke zuwa a jere idan ana fuskantar iska. Tsinin goshi yana yanka su ya wuce. Faffaɗan ƙasa kuwa dukansu yake yi, kowane duka yana girgiza jirgin, yana zubar da iskar da ke cikin ƙyalle, yana gajiyar da katako da mutum. Ba banza ba ne siffar ta yi gida a tafkunan cikin ƙasa inda ruwa ke kwance. Matuƙan Mini masu faffaɗan goshi sun amince da wannan wahala ne saboda mafi yawan hanyarsu iska na bayansu.

Tarihin rukunin Moth, na ƙananan jiragen tsere na mutum ɗaya, ya fi komai nuna iyakar sikaw. A 1928 Len Morris ya ƙera wani ɗan sikaw mai ƙafa 11 a garin Inverloch na Ostireliya, ya sa masa suna Olive. Daga shi rukunin Moth na ƙasar ya samo asali, kuma shekaru da dama sikaw ne ke mulki a can. Amma dokar rukunin ta bar ƙofa a buɗe: an yarda a maƙala wa jirgi fukafukai a gefe da matuƙi zai zauna a kai. Da wannan ya samu, sai ya zama ana iya samun tazarar riƙe jirgi ba tare da faffaɗar ganga ba. A shekarun 1980 sirara masu fukafukai suka karɓe tseren, daga baya kuma aka zo da allunan da ke ɗaga jirgin sama da ruwa ɗungum, har Rohan Veal ya ci gasar duniya da irinsu a 2005. Abin da na fahimta daga nan shi ne sikaw amsa ce ga wata takamaimiyar tambaya: yaya za a sami ƙarfi mafi yawa daga ganga guda, mai ƙayyadadden tsawo, ba dalma, ba fukafukai? Inda tambayar ta canza, amsar ma takan canza. Amma tambayar mai son ƙera ɗan jirgi a gida da kuɗi kaɗan ita ce wannan ɗin daidai, shi ya sa nake ganin siffar ta dace da shi fiye da kowa.

Mai zane yana farawa da sikeli kafin fensir. A ce ganga za ta yi kilo 60, ƙyalle da sandar da ke riƙe shi da alluna kilo 20, mutum biyu kilo 140. Jimla 220. Lita ɗaya ta ruwan tafki kilo ɗaya ce, saboda haka ɓangaren da zai nitse dole ya ɗauki lita 220, ko jirgin na shimfiɗe ko yana karkace. A nan gizo ke saƙar, domin zane biyu ake yi a cikin ɗaya. Sai an juya siffar a kwamfuta, a kwantar da ita mataki-mataki, a duba ko tsakiyar tallafin tana gudu gaba ko baya. Idan ta gudu baya, goshi zai dulmiya. Idan ta gudu gaba, bayan jirgin zai nitse ya riƙa jan ruwa. Sikaw mai kyau shi ne wanda ya kwanta bai sunkuya ba bai kuma ɗaga kai ba.

Daga nan sai lanƙwasar ƙasan jirgi daga goshi zuwa baya, wadda ita ce ke raba gwani da ɗan koyo. Ta yi yawa, jirgin zai yi saurin juyawa amma ya ƙi sulɓi, domin lanƙwasasshen baya tsotsar ruwa yake yi. Ta yi kaɗan, goshi zai riƙa cusa kai cikin kowace igiya. Abin da sikaw na zamani suka fi karkata gare shi shi ne a bar bayan kusan a miƙe, a tattara lanƙwasar a gaba, goshin ya tashi a hankali ya bar ruwa, ta yadda igiya za ta shiga ƙarƙashinsa a kwance maimakon ta ci karo da bango. Tsayin goshin kuwa ruwan da za a shiga ne ke yanke shi, ba sha'awar ido ba. Wurin dasa sandar ƙyalle shi ma lissafi ne: tsakiyar turin iska a ƙyalle da tsakiyar turjiyar allo a ruwa su kusanci juna, har ya zama in matuƙi ya saki hannu jirgin zai juya a hankali ya fuskanci iska ya tsaya. Wannan ɗabi'a kariya ce, kada a zane ta ta ɓace.

Wajen ƙira ne sikaw ke biyan mai shi. Filawud, wato fallen katako mai hawa-hawa, yana lanƙwasuwa ta fuska ɗaya ne kawai, ba ya yarda a murɗa shi ta biyu a lokaci guda. Wurin da ya fi ba mai ƙera jirgi wahala shi ne goshi mai tsini, inda ƙasan jirgi ke murɗewa daga kwance ya koma tsaye. Sikaw ba shi da wannan wuri. Peter Milne ya yi amfani da wannan sauƙi a Ingila a 1962 lokacin da ya zana Fireball, sikaw na mutum biyu mai tsawon mita 4.93, don mutum ya iya haɗa shi a gida, ga shi kuma ya zama rukunin tsere na duniya. A daidai wannan zamani ne jirgin Mirror na Jack Holt da Barry Bucknell ya yaɗa dabarar ɗinki da gam: a yanka fallayen filawud daidai da zane, a huda ƙananan ramuka a bakinsu, a ɗinke su da wayar jan ƙarfe har gangar ta ɗauki siffarta da kanta, sannan a liƙe haɗin. Yau da gam ɗin ifoksi ake yi. A dama shi da garin katako ya yi kauri, a shafa a lungun haɗin a zagaye shi da bayan cokali, in ya kama a zare wayar, a bi da ƙyallen fayiba ciki da waje.

Filawud ɗin da aka fi so na itacen okume ne, wanda mafi yawansa daga dazuzzukan Gabon yake fitowa. Ba shi da nauyi: falle mai kaurin milimita 6 ba ya kai kilo 10. Aibinsa shi ne ba ya jure ruɓa, don haka kowane baki da kowane ramin ƙusa sai an toshe shi da ifoksi, shi kuma ifoksi rana na cinye shi, sai an rufe da fenti. Tsawon falle mita 2.44 ne, jirgin kuma ya fi haka, saboda haka sai an yi haɗi. Ana fere bakin kowane falle a kwance, faɗin firar ya ninka kaurin sau 8, wato milimita 48 ga falle mai milimita 6. Kafinta yana gane ya yi daidai idan layukan fallen suka fito a jere, a miƙe, ba wanda ya yi ciki ko waje. Wanda ke aiki a wuri mai zafi kuma ya riƙa dama ifoksi kaɗan-kaɗan, domin yana haifar da zafin kansa, in ya taru a gwangwani sai ya yi hayaƙi ya daskare kafin a shafa rabinsa. Safar hannu dole ce, fata tana iya ƙin ifoksi bayan yawan taɓawa.

Sauƙin nan yana da tarko guda biyu. Na farko, lanƙwasasshen falle yana da ƙarfin kansa, shimfiɗaɗɗe kuwa lotsawa yake yi, kuma ƙasan sikaw shi ne mai shan duka. Mai tsoro sai ya ƙara kauri ko'ina, ya wayi gari da jirgi mai nauyin da ba zai taɓa sulɓi ba. Maganin shi ne siraran katakai da ake liƙawa a tsawon ƙasan daga ciki, da bangaye na tsakiya da ke raba faɗin gida-gida. Na biyu shi ne murɗewa. Sanda na ja gefe ɗaya, mutane na danna ɗaya gefen, ganga mai faɗi marar zurfi kuma tana son ta murɗe. Abin da ke hana ta shi ne rufin sama da akwatunan iska na gefe, waɗanda ke mayar da gangar rufaffen akwati. Kafin a liƙa rufin, a ɗora gangar a kan bencin kafinta biyu da aka daidaita da ma'aunin ruwa, a auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu. Duk karkatar da aka rufe a wannan rana ta zauna kenan har ƙarshen rayuwar jirgin, kuma sikaw da ya murɗe zai yi gudu a gefe ɗaya ya yi nawa a ɗayan.

Wanda ke ganin wannan duk harkar masu kuɗi ce ya dubi tafkin Taal na ƙasar Filifin. Michael Storer, mai zanen jirage ɗan Ostireliya, ya fitar da wani jirgi mai suna Oz Goose, ƙafa 12, gefunansa a miƙe, kusan akwati ne da aka lanƙwasa wa ƙasa. Iyalai da ƙungiyoyi suna haɗuwa su ƙera su tare da filawud, kuma yanzu ana tsere da su a tafkin. Irin wannan ne nake so mai sha'awa ya fara da shi kafin ya yi mafarkin allo biyu da ƙyalle uku, domin a kansa zai koyi abin da zane ba ya koyarwa: a iska mai sauƙi a matsa gaba, a karkatar da jirgin da gangan don a ɓamɓare ƙasansa daga ruwa; iska ta yi ƙarfi a ja baya, a bar goshi ya ɗago.

Gwajin ƙarshe kafin a yi nisa da gaɓa shi ne a kifar da jirgin da gangan a ruwa marar zurfi, kowa sanye da rigar kariya. Faɗin da ke hana sikaw kifewa shi ne ke hana shi tasowa idan ya kife ruf da ciki, don haka abin nema shi ne ya tsaya kwance a gefensa, kan sandar na bisa ruwa. Matuƙan ƙananan sikaw na tafkunan Amurka suna sa wani abu mai yawo bisa ruwa a ƙololuwar ƙyallensu saboda wannan. Bayan an tayar da jirgin a buɗe murafen akwatunan iska a leƙa. In an ga ruwa a ciki, a koma gida a hura iska kaɗan cikin akwatin, a bi haɗe-haɗen da ruwan sabulu har a ga inda kumfa ke tashi, a toshe wurin kafin a sake shiga ruwa.